Rigar da Na Ɗinke wa Hannu

Shekara ashirin ina ɗinka wa mahaifina kaya, tun ina koyo a shagon wata mata a Banikanni har na buɗe nawa, don haka na san awon kafaɗarsa fiye da yadda na san lambar wayata. Faɗi gare ta, a miƙe, ba ta karkata ko'ina. Da ita ya yi suna a karar Parakou, inda ya tsufa yana dillancin shanu.

Wanda bai taɓa shiga kara ba zai ɗauka da baki ake ciniki. Da hannu ake yi. Dillali zai kama hannun mai saniya ya riƙe gam, duk tayin da aka yi ya girgiza shi, mai saniya ya ce albarka ya nemi ƙwacewa, dillali ya fizgo shi ya dawo da shi. Haka za a yi ta ja-in-ja har mai saniya ya gaji ya ce ya sallama. A nan sai ya ɗaga hannun dillali sama ya yarfar da shi ƙasa da iyakar ƙarfinsa. Wannan yarfin shi ne sa hannunsu, ba takarda ba biro. Cinikin da ba a yarfa hannu a kansa ba, ana iya tashinsa gobe da safe.

Wani bijimi ne ya ja mana. Ana lodinsa a kamyo, wato babbar mota, a tashar da muke ce wa Gar, ya juyo ya matse Baba da ƙyauren mota. Likitocin Parakou suka duba hoto suka ce kan ƙashin kafaɗar dama ya farfashe yadda ba ya haɗuwa, sai dai a cire a sa na ƙarfe, kuma sai a Kwatano. Ni na raka shi, don ni kaɗai ce a gidanmu ba ya iya yi wa tsawa. Sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini, kuma na daɗe ina cin moriyar wannan suna ba kunya.

Aiki ya yi kyau. Ranar da za a sallame mu likitan ya zauna ya yi mana bayani dalla-dalla, ni ina mayar wa Baba da Hausa duk da yana jin Faransancin sarai, don dai kada gobe ya ce bai gane ba. Ƙarfen yana da kai kamar ƙwallo da ƙafa da aka soka cikin ƙashin dantse, an ɗinke jijiyoyi a kewayensa, kuma sai sun kama kafin hannu ya koma aiki. A rataye hannun a majanyi. A je wurin mai motsa gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine. Kada a ɗauki kaya. Fiye da komai, kada kowa ya ja hannun.

"Ja kamar yaya?" in ji Baba.

"Kamar yadda kuke yi a kara," na ce.

"Ai wannan ba ja ba ne, gaisuwa ce."

Likita ya tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce ya gode.

Mun iso gida da kwana ɗaya 'yan dubiya suka fara zuwa. Mahauta, dillalai, direbobin kamyo, Fulanin da suka kwana a zaurenmu shekara da shekaru. Na tsaya a bakin ƙofa ina faɗa wa kowa ɗaya bayan ɗaya cewa ba a taɓa hannun dama. Kowa ya ce to, to, Allah ya sawwaƙe, ya wuce ciki ya cafke hannun. Ban ga laifinsu sosai ba, don kafin su miƙo nasu Baba ya riga ya zaro nasa daga majanyi. Na ce ya dafa ƙirji kawai, ya ce shi ba sabuwar amarya ba ne. Na ce ya ba da hagu, ya kalle ni kamar na ce ya ci naman kare. Gaisuwar mahauci kuwa, wanda ya taɓa shan ta ya sani, in ya sake ka sai ka duba ko yatsunka sun cika.

Majanyin ma bai daɗe ba. Baba ya ce 'ya'ya tara ya haifa bai goyi ko ɗaya ba, ba zai fara goyo da hannu ba. Ya rataye shi a ƙusa. Inna, mahaifiyata, ita ta tona mini cewa sai ya ji ƙarar babur ɗina a kan layi yake zabura ya saka, har wata rana garin sauri ya rataye hannun hagu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci keken ɗinki nake nufa. Na kwashe kaftanunsa kaf na ce za a kai wanki da guga. A shago na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ɗinke hannun dama da jikin rigar tun daga hammata har gwiwar hannu, layi biyu, zare kalar yadi, ɗinkin da ko ni sai na ƙura ido nake ganinsa. Na goge, na ninke, na mayar.

Washegari ina zaune wurin Inna muna shan koko ya fito daga ɗaki. Ya sa rigar, ya miƙa hannu zai ɗauki hula a kan ƙusa, hannu ya ce daga nan ban wucewa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wannan wane irin ɗinki ne?"

"Yayin Abijan ne, Baba. Shi manya suke sawa bana."

"Mutanen Abijan ba sa ɗora hula?"

"Da hagu suke ɗorawa."

Ya koma ɗaki ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku. Muna jin buɗe akwati da rufewa. Inna ta tura bakin mayafi a baki, hawaye na zubo mata don dariya. Da ya fito ya ce tun da yake bai taɓa ganin 'yar da ta ɗaure ubanta da zare ba, kuma zai kai ni ƙara wurin liman. Ya kai ɗin kuwa. Liman ya ce kabbara tana yiwuwa ko hannu bai kai kunne ba, ya kuma tambaya ko zan yi wa surukinsa irin wannan ɗinki.

Dabarar ta yi aiki, kuma har yau ina alfahari da ita. In ya ɗora babbar riga a sama ba mai ganin komai. Mai gaisuwa ya kama hannu ya girgiza iya son ransa, iyakar abin da ke motsi daga gwiwar hannu ne zuwa yatsu, kafaɗa tana zaune lafiya. Kine ya ce jijiyoyi suna kamawa. Baba ya fara kai loma baki ba tare da ya yamutsa fuska ba. Na saki jiki, na koma kan ɗinkunan mutane da suka taru mini.

Akwai wani Bafulatani, abokin Baba tun suna samari, da ke zaune da garkensa a dajin Bariénou, can wajen Djougou. Dogo ne siriri, in ka gan shi ka ce iska za ta ɗauke shi, amma na taɓa ganinsa ya kayar da ɗan maraƙi da hannu ɗaya. Maigida yake ce wa Baba, Baba yana ce masa ɗan Fulani, ko da yake dukansu sun yi furfura. Bai taɓa sayar da ko akuya ba sai ta hannun Baba. Labarin bijimin bai kai masa yadda yake ba, ya ji dai an ce Maigida ya ɗan bugu ya warke. Sai ya aiko cewa zai fitar da shanu a kasuwa mai zuwa, masu saye sun zo daga kudu, kuma shi ba ya miƙa wa kowa hannu sai Maigida.

Baba ya ce mana zai je Djougou gaida ƙanwarsa. Na tambaye shi ko ƙanwar tasa ta fara kiwo ne. Ya ce in ji tsoron Allah. Na duba jakarsa, kaftani biyu ne, duka masu yayin Abijan, don haka na bar shi ya tafi.

Kwana huɗu ya yi ya dawo. Ya ce kowa lafiya, ƙanwarsa tana gaishe mu, ga doya. Sai da kayansa suka zo hannuna wajen wanki na ga abin da na gani. Hannun rigar a ɗinke yake da jiki kamar yadda na bar shi, amma layi ɗaya ne, a karkace, kuma da baƙin zare a kan farin yadi. An farke nawa da reza, har an ɗan ci yadin a hammata, sannan wani telan bakin tasha ya mayar. Abin da ya fara ƙona mini rai, in faɗi gaskiya, ba kafaɗar ba ce. Cewa aka yi wai zan ga wannan ɗinkin in ɗauka nawa ne.

Na kai masa rigar na shimfiɗa a gabansa. Ya dube ta ya ce zafin Djougou ne ya sa zaren ya yi baƙi. Na tambaye shi ko hannun lafiya, ya ce lafiya lau, har ya motsa mini yatsu. Na yi fushi na daina maganar, kuma wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da nake nadama.

Daga nan Baba ya shiga ibada. Da ma yana azumin Litinin da Alhamis, sai ya ƙara da Talata. Ba a jima ba Laraba ta shigo. Ya daina cin abinci a zaure tare da baƙi, ya ce a kai masa ɗaki in an sha ruwa. Ya daina zuwa wurin kine, wai mutumin yana da yawan tambaya. Ya daina neman a farke masa riguna, shi da kullum sai ya yi mini ƙorafinsu. Inna ta ce tsufa ne ya zo da tsoron Allah. Ni dai na san mahaifina, mutumin da ke jin ƙamshin tsire daga layi uku ba ya zama waliyyi a wata ɗaya.

Da Babbar Salla ta matso na zo da metir na ce zan auna shi.

"Ba kin san awona ba?"

"Azumi ya rame da kai, Baba. Tashi tsaye."

Ya tashi. Na tsaya a bayansa, kuma tun kafin in ɗora metir na ga kafaɗar dama ta sauka. Inda ya kamata ta yi tudu ta yi rami. Na auna hagu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, na auna dama, dama ta fi da yatsa biyu. Na ɗora tafina a wurin, zafi rau kamar bayan tukunya. Na ɗan danna kaɗan. Mahaifina, wanda bijimi ya matse bai yi ƙara ba, ya saki wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya zauna a bakin gado.

"Kai hannunka baki in gani," na ce.

Ya gwada. Hannun ya taso zuwa cibiya ya tsaya yana rawa. Azumin ke nan. Ba ya iya kai loma, kuma ya gwammace yunwa da a gan shi yana ci da hagu.

A nan ya faɗa mini komai. A cikin mota ya farke rigar, kafin su kai Djougou. Daga can ya hau babur zuwa Bariénou, hanyar duk ramuka, yana riƙe da ƙarfen baya. An yi ciniki mai daɗi, an ja an fizga, yana cije haƙori. Da ɗan Fulani ya sallama, ya ɗaga hannun Maigida sama don murna ya yarfar kamar yadda ya saba shekara arba'in. Baba ya ce ya ji ƙas a cikin kunnensa, duniya ta yi fari. Ya yi dariya, ya ce Allah ya sa albarka, ya nemi gindin bishiya.

"Ba ka faɗa masa ba?"

"In ce masa me? Ya karya ni?"

Da ya koma Djougou ƙanwarsa ta kai shi wurin wani maɗori da ake ji da shi. Tsohon ya shafa kafaɗar, ya latsa, ya kasa kunne, sannan ya janye hannunsa ya ce shi ƙashi ya gada daga ubansa, wannan kuwa aikin makanike ne, a mayar wa waɗanda suka ɗaura. Duk cikin labarin nan shi kaɗai ne ya yi hankali. Baba ya gode masa, ya nemi tela, ya dawo gida ya yi shiru wata biyu, don in aka koma asibiti magana za ta fita, in ta fita za ta kai Bariénou.

A Parakou aka ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a haske, ko ni da ban yi karatun likita ba na ga ƙwallon ya bar gurbinsa. Ya nuna mana inda ƙafar ƙarfen ta yi lako-lako a cikin ƙashi, da inda ƙashin ya tsage, ya ce jijiyoyin da aka ɗinke sun yage sun janye, ga alamar ƙwayar cuta ta shiga. Ya ce da a makon aka zo da aikin bai kai haka ba. Ya tambayi abin da ya faru.

"Gaisawa muka yi da wani," in ji Baba.

Muka koma Kwatano. Aiki na biyu ya fi na farko tsawo da wuya. Aka cire ƙarfen, aka wanke wurin, aka yi ta allurai mako da makonni kafin a sa wani. Baba ya rame har awonsa ya canja da gaske. Wannan karon ya sa majanyi ba musu, kuma rashin musun ya fi komai tayar mini da hankali. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ciwo zai tafi, yatsu za su yi aiki, amma jijiyar da ke ɗaga hannu ta riga ta lalace, da wuya hannun ya sake wuce ƙirji da kansa.

Haka kuwa aka yi. Ya koyi cin abinci da dama ta hanyar sunkuyar da kai ya tarbi lomar. Hula da hagu, kamar mutanen Abijan, kuma ban sake yin wannan wasan ba. Kara kuwa ya ƙi ko bi ta hanyarta. In an yi sallama a zaure sai ya ce a ce yana barci. Mutumin da ya fi kowa son hannun mutane ya koma gudun baƙi.

Wata rana na dawo daga gidan, na bar shi zaune yana kallon bango, na bi ta Gar na tarar da wani direba mai zuwa Djougou. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce in ya ga ɗan Fulanin nan na Bariénou ya faɗa masa shanunsa sun sayu, hannun Maigida kuma ya tafi tare da su, sai ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Kafin in kai shago na san na yi ɓarna. Abin da Baba ya yi wata biyu yana yunwa don ya rufe, ni na buɗe shi a tasha da baki ɗaya.

Bayan kwana uku, da hantsi, ina gidan aka yi sallama. Muryar ba ta ɓuya. Baba ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

Ya ce in miƙo masa babbar riga, na taya shi sawa, ya fita zaure, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa.

Ɗan Fulani yana tsaye a waje, bai ko hau dakali ba. Ya gicciya sandarsa a bayan wuya ya rataye hannayensa biyu a kanta, ya riƙe gam, kamar yana tsoron kada su sauko su yi wata ɓarnar. Idonsa ja. Ya ce Maigida, ya sunkuyar da kai.

Baba ya matsa gabansa. Ya sa hannun hagu ya tallafo gwiwar hannun dama, ya ɗago shi a hankali ya miƙa. Haka yara suke miƙa wa manya hannu a wurinmu, haka talaka yake gaida mai sarauta. Ban taɓa ganin mahaifina ya yi wa wani mahaluki haka ba, shi da yake ba wa manyan gari hannu ɗaya yana kallon wani wuri.

Ɗan Fulani ya ja da baya, ya girgiza kai.

"A'a, Maigida. Ni da hannunka har abada."

"Kama."

"Wallahi ba zan iya ba."

"Ɗan Fulani, nauyi gare shi, kuma na hagun ma tsoho ne. Za ka bar ni tsaye a gaban 'yata da hannu a iska?"

Ina ganin gumi a goshin Baba, amma bai sauke ba. Sandar ta faɗi ƙasa. Ɗan Fulani ya kawo hannayensa biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ya karɓi hannun kamar an miƙa masa ƙwarya cike da nono, ya riƙe bai girgiza ba. Sai ɗan Fulani ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa, a kan layinmu, masu babur suna rage gudu suna kallo.

"Dusma-dusma, a hankali," in ji Baba, "kada ka jiƙa mini riga, mai ɗinkin faɗa gare ta." Sannan ya juyo. "Uwata, a kawo mana abinci nan zaure. Kwano ɗaya."

Ranar na ga mahaifina ya sunkuyar da kai ya tarbi loma a gaban baƙo, baƙon kuma ya sunkuyar da nasa daidai wurin, suna ci suna zagin masu saye na kudu.

Ya koma kara bayan damina. Ba ya kama ciniki, wasu ke ja da fizga, shi yana zaune a benci ana kawo masa magana. Amma duk wanda ya zo gaishe shi, babba ko ƙarami, sai ya tallafo daman da hagu ya miƙa masa. Har labari ya bazu a Parakou cewa ciwo ya koya wa Maigida tawali'u. In ya ji sai ya ce mini in bar su, kada in tona.

Da zan yanka masa kayan Salla na bana ya zo shago da kansa ya tsaya a gaban metir. Na sauke kafaɗar dama da yatsa biyu don rigar ta zauna. Yana kallon almakashin ya ce:

"Wannan karon a bar mini hannun a sake."

Na ce to, Baba. Ban faɗa masa cewa ba sauran abin da zan ɗinke ba, shi ma ya sani.